Nepal ko Butan: Ina Ya Dace Mai Son Ganin Gidajen Ibadar Budda da Ƙauyukan Himalaya Ya Nufa?

Duk wanda ya ƙuduri niyyar zuwa ya ga gidajen ibadar mabiya addinin Budda da ƙauyukan da ke maƙale a jikin tsaunukan Himalaya, ƙasashe biyu ne za su fara zuwa masa a rai, wato Nepal da Butan. Maƙwabtan juna ne, domin ɗan yankin Indiya da ya ƙunshi jihar Sikkim ne kawai ya raba su, kuma jirgin da ya tashi daga Katmandu, babban birnin Nepal, yakan sauka a Paro, inda babban filin jirgin saman Butan yake, cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Duk da wannan kusanci, irin tafiyar da mutum zai yi a kowacce ta sha bamban da ta ɗayar, tun daga neman biza har zuwa tabarmar da zai zauna a kai a gidan manomi. A ganina, yawan kwanakin da matafiyi ke da su a hannu da ƙarfin ƙafarsa sun fi kuɗin aljihunsa tasiri a kan wannan zaɓi, ko da yake zancen kuɗi ne mutane suka fi saurin tambaya.

Tun da haka ne, bari a fara da kuɗin. Butan ba ta buɗe ƙofarta ga masu yawon buɗe ido ba sai a 1974, kuma tun daga lokacin manufarta ita ce baƙi su zo kaɗan amma su bar alheri mai yawa. Yau baƙo daga akasarin ƙasashe, in ban da irin su Indiya, yana biyan gwamnati harajin raya ƙasa na dala 100 a kan kowane dare da ya kwana, bayan an sauko da shi daga dala 200 a watan Satumba na 2023, sannan ga dala 40 na biza. Yara 'yan shekara 6 zuwa 12 suna biyan rabi, waɗanda ba su kai nan ba kuma ba a karɓar musu komai. Ma'ana, mai kwana bakwai ya riga ya kashe dala 740 kafin ya biya masauki ko mota ko abinci ko ɗan rakiya, alhali a mafi yawan sassan ƙasar ba a barin baƙo ya yi yawo ba tare da ɗan rakiya mai lasisi ba. A Nepal kuwa bizar kwana 15 dala 30 ce, ta kwana 30 dala 50, kuma da zarar mutum ya shiga yana da ikon ya hau motar haya kamar kowa, ya kwana a ƙaramin masauki, ya ci abincin da 'yan gari ke ci. Kuɗin mako guda a Butan zai iya riƙe mai tattali makonni a Nepal.

Sai dai akwai wani sharaɗi da ya shafe mu kai tsaye, wanda yawancin bayanan da ake yi wa Turawa ba sa ambatonsa. Nepal tana ba akasarin baƙi biza a filin jirgin sama, amma masu fasfo na Najeriya da Ghana da Kamaru suna cikin jerin ƙasashen da aka cire daga wannan sauƙi, don haka wajibi ne su nemi biza a ofishin jakadancin Nepal kafin su tashi. Bizar Butan kuwa ta intanet ake nemanta, galibi ta hannun kamfanin yawon buɗe ido ko otal ɗin da zai karɓi baƙon. Ta fuskar jirgi kuma Nepal ce ta fi sauƙi, tunda ana shiga Katmandu kai tsaye daga Doha ko Dubai ko Istanbul. Paro kuwa kamfanonin ƙasar biyu ne ke jigila zuwa can, Drukair da Bhutan Airlines, daga birane irin su Delhi da Kolkata da Bangkok da Singafo da Katmandu, kuma saboda filin yana cikin kwari tsakanin duwatsu, da rana kawai ake sauka, matuƙa ƙalilan ne kuma aka amince su saukar da jirgi a wurin. Wanda zai bi ta Indiya ya binciki batun bizar wucewa tun da wuri, kada ta tsare shi a hanya.

Idan aka zo kan gidajen ibadar su kansu, bambanci na farko shi ne matsayin addinin a kowace ƙasa. A Butan addinin Budda shi ne ginshiƙin mulki da al'ada. Manyan gine-ginen da ake kira dzong, masu farar katanga mai kauri da jan ɗauri a sama, rabinsu ofisoshin gwamnatin lardi ne, rabinsu kuma mazaunin 'yan zuhudu, kuma wannan tsari ya samo asali ne daga Zhabdrung Ngawang Namgyal, malamin da ya zo daga Tibet a 1616 ya haɗa kan ƙasar. Dzong ɗin Punakha da ya gina a 1637, a daidai inda kogin Pho Chhu da kogin Mo Chhu suka haɗu, har yau can ne shugaban malaman ƙasar, Je Khenpo, yake komawa da jama'arsa idan sanyi ya tsananta a Thimphu, babban birnin ƙasar. Baƙon da ya shiga irin wannan wuri yana shiga ne cikin hukuma mai aiki, inda zai ga ma'aikaci sanye da rigar gargajiya ta gho riƙe da takardu yana wuce yaro ɗan zuhudu mai jan mayafi da ke haddar karatunsa. A Nepal kuwa mabiya Budda tsiraru ne, kusan kashi 8 cikin ɗari bisa ƙidayar 2021, a ƙasar da fiye da kashi 80 mabiya addinin Hindu ne. Amma tsirarun nan iri-iri ne, kuma a nan ne Nepal ta yi wa Butan fintinkau.

A kwarin Katmandu kaɗai, cikin kwana biyu ko uku, mutum zai ga al'adun Budda guda biyu da ba su yi kama da juna ba. A Boudhanath akwai ƙatuwar kubba fara mai idanu a kusurwa huɗu, tsayinta kimanin mita 36, wadda 'yan gudun hijirar Tibet suka kewaye da gidajen zuhudu bayan 1959, kuma da yamma za a ga tsofaffi da matasa suna zagaya ta suna jan carbi da juya 'yan gangunan addu'a. A birnin Patan kuma akwai addinin Budda na ƙabilar Newar, wanda malamansa masu aure ne da iyali kuma gadon hidimar suke yi, kamar yadda ake gani a gidan ibadar Kwa Bahal mai rufin zinariya da ke ɓoye cikin lungu tsakanin shagunan maƙera. Kubbar Swayambhunath tana kan tudu, ana hawa matakala 365 kafin a kai gare ta, birai kuma sun mamaye wurin har sun zama abin kiyayewa ga mai riƙe da abinci. Wanda ke son ya ji bayanin addinin daga bakin masu shi, gidan zuhudu na Kopan da ke bayan Boudhanath ya daɗe yana karɓar baƙi a darussansa. Sannan ga Lumbini, mahaifar Budda, inda ginshiƙin da Sarki Ashoka ya kafa a shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa yake tsaye har yanzu da rubutunsa. Lumbini tana cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi kusa da iyakar Indiya, babu dutse ko ɗaya a wurin, kuma duk da nauyin tarihinta, wanda tsaunuka ne suka kawo shi zai iya jin kamar ya kauce hanya.

Butan ba ta da wannan yawan launi, amma tana da abin da Katmandu ta rasa, wato natsuwa da kuma dacewar gini da inda aka ɗora shi. Taktsang, gidan zuhudun da hotonsa ya zama kamar tambarin ƙasar, yana manne a fuskar dutse kimanin mita 900 sama da kwarin Paro. An gina shi a 1692 a bakin kogon da mabiya suka yi imani cewa Guru Rinpoche, malamin da ya yaɗa addinin a yankin a ƙarni na takwas, ya yi halwa a ciki. Gobara ta cinye shi a 1998, aka sake gina shi. Hawansa yakan ɗauki sa'o'i biyu zuwa uku, ana iya hawa doki zuwa rabin hanya, sauran kuma sai da ƙafa, kuma a bakin ƙofa ake ajiye waya da na'urar ɗaukar hoto. Taktsang ya cancanci sunan da ya yi, sai dai kuma shi ne wurin da kowane baƙo ke zuwa, don haka a lokacin cunkoso hanyarsa ba ta rabuwa da jama'a. Abin da nake jan hankalin mai niyya a kai shi ne kada ya biya wannan tsadar duka sannan ya tsaya a Paro da Thimphu da Punakha kawai. Zuciyar addinin ƙasar tana Bumthang ne, a tsakiya, inda gidan ibada na Jambay Lhakhang yake, wanda ake danganta gininsa da Sarkin Tibet Songtsen Gampo a ƙarni na bakwai, da Kurjey Lhakhang, da kuma Tamshing da Pema Lingpa ya kafa a 1501, mai zane-zanen bango da ke cikin mafi daɗewa a ƙasar. Zuwa can daga Thimphu yini ne cur a mota kan hanya mai kwana-kwana ta bi ta Trongsa, ko kuma ɗan gajeren jirgi daga Paro, kuma kowane dare da aka ƙara dala 100 ne ya ƙaru. Duk da haka, a Bumthang ne mutum zai samu gidan ibada da ba kowa a ciki sai mai kula da shi da fitilun man shanu, kuma don irin wannan ne ake zuwa Butan.

Batun ƙauyuka shi ne inda ya kamata a fi tsayawa, domin a nan ne matafiya suka fi yin zaton da bai dace da abin da za su tarar ba. A Butan mota ce ke kai mutum ƙauye. Kwarin Phobjikha, inda wasu tsuntsaye dangin gauraka masu baƙin wuya ke saukowa daga Tibet su yi hunturu, har gidan zuhudu na Gangtey yana shirya musu biki a ranar 11 ga Nuwamba, da kwarin Haa, da ƙauyen Ura a Bumthang, duk ana isa gare su ba tare da doguwar tafiyar ƙasa ba. Gidajen manoman manya ne, na dandaƙaƙƙiyar ƙasa da katako, hawa biyu ko uku, tagoginsu da sassaƙa, jan barkono shanye a kan rufi, kuma kusan kowane gida yana da ɗakin ibadarsa. Akwai gidajen da gwamnati ta amince su saukar da baƙi, inda za a ci jar shinkafa da ema datshi, wato barkono da aka dafa da cuku a matsayin miya, a sha shayi mai man shanu da gishiri. Ga dattijo, ko mai tafiya da iyali, ko wanda gwiwarsa ba ta jure hawa, wannan babbar falala ce. Amma akwai farashin da ba na kuɗi ba: ɗan rakiya yana tare da baƙo koyaushe, shi ne ke fassara, shi ne ya zaɓi gidan da za a shiga, kuma jadawalin an riga an tsara shi tun kafin a sauka daga jirgi. 'Yan rakiyar galibi masu ladabi ne da sanin tarihin ƙasarsu, amma abin da baƙo zai gani shi ne abin da aka shirya ya gani. Da wuya, alal misali, a taso masa da zancen mutanen kudu masu jin harshen Nepal, waɗanda kimanin dubu ɗari daga cikinsu suka bar ƙasar a farkon shekarun 1990 suka shafe shekaru a sansanonin gudun hijira a gabashin Nepal. Mai son fahimtar Butan da gaske ya karanta wannan tarihin kafin ya je.

A Nepal kuwa, ƙauyukan mabiya Budda da suka fi ƙayatarwa sai an taka kafin a kai gare su. Wanda ya nufi yankin ƙabilar Sherpa zai sauka daga jirgi a Lukla, mita 2,860 sama da teku, ya yi kwana biyu a ƙasa zuwa Namche Bazaar, ya huta yini guda don jikinsa ya saba da ƙarancin iska, sannan ya hau zuwa gidan zuhudu na Tengboche a mita 3,867. An kafa Tengboche a 1916, girgizar ƙasa ta rushe shi a 1934, gobara ta sake cinye shi a 1989, kuma kowane karo jama'ar yankin da masu taimaka musu suka tashe shi. Tsakanin Oktoba da Nuwamba ake bikin Mani Rimdu a farfajiyarsa, dutsen Ama Dablam yana tsaye a bayansa. A wannan hanya baƙo yana kwana ne a ƙananan masaukai da iyalai ke gudanarwa, yana jin ɗumi a murhu ɗaya da 'yan dako da masu kora dabbobin kaya, kuma idan wani ƙauye ya kwanta masa a rai ba mai hana shi ƙara kwana. Wannan 'yanci shi ne babban arzikin Nepal. Ana samunsa kuma a ƙauyukan ƙabilar Tamang da ke kusa da Langtang, kwarin da girgizar ƙasa ta 25 ga Afrilu 2015 ta binne babban ƙauyensa, girgizar da ta kashe kusan mutum 9,000 a ƙasar, kuma mutanen da suka tsira suka koma suka sake gini. Ga wanda ke neman abin da ya fi kama da tsohuwar Tibet, akwai Mustang ta sama da birninta mai ganuwa Lo Manthang, wadda ba a buɗe wa baƙi ba sai a 1992, sai dai tana bukatar izini na musamman mai tsada da ɗan rakiya, ta yadda kuɗinta yakan doshi na Butan.

Gaskiya ce kuma dole a faɗa cewa shahararrun hanyoyin Nepal sun cika da baƙi, har wasu ƙauyukan sun koma jerin masaukai da shagunan sayar da kayan hawa dutse. Jiragen Lukla ma hazo da gajimare sukan tsayar da su kwana da kwanaki, kuma a lokacin cunkoso akan mayar da tashinsu zuwa Ramechhap, tafiyar sa'o'i a mota daga Katmandu, saboda haka wanda bai ware kwana biyu na ko-ta-kwana ba yana iya rasa jirginsa na komawa gida. A ƙasashen biyu kuma baƙo zai lura cewa tsofaffi da yara sun fi yawa a ƙauye, domin samarin Nepal sun tafi neman kuɗi a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da Malesiya, na Butan kuma da yawa sun nufi Ostareliya.

Akwai batun lafiya da bai kamata mutanenmu su ɗauke shi da wasa ba. Katmandu tana kan kimanin mita 1,400, ba ta ɗara Jos da yawa ba, amma Paro da Thimphu sun haura mita 2,200, mashigar Dochula da ake bi zuwa Punakha ta kai mita 3,100, Taktsang kuma ya ɗan fi haka. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon kai da amai da rashin barci na iya kama kowa, komai ƙarfinsa, maganinsa kuma shi ne hawa a hankali da saukowa idan abin ya ƙi lafawa. Ga mai ciwon sikila kuwa haɗarin ya wuce nan, domin ƙarancin iskar shaƙa na iya tayar da ciwon, har ma wanda yake ɗauke da rabin gadon cutar kawai an san saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi. Duk wanda wannan ya shafa ya ga likita kafin ya sayi tikiti. Idan likita ya hana hawa sosai, kwarin Katmandu da Lumbini sun ishe shi ganin abubuwa masu yawa, alhali a Butan kusan babu inda za a je ba tare da an haura ba.

Ga matafiyi Musulmi, Nepal ta fi sauƙin zama. Musulmi sun kai kusan kashi 5 cikin ɗari na jama'arta, a tsakiyar Katmandu akwai Masallacin Jame da Masallacin Kashmiri kusa da juna, da gidajen abincin halal a kewayensu, kuma a ƙauyukan da ke zagaye da Lumbini ma Musulmi suna da yawa. Abincin yau da kullum, dal bhat, shinkafa ce da romon wake da ganye, wanda ba ya bukatar wata tambaya. A Butan Musulmi ƙalilan ne ƙwarai, kada mutum ya sa ran masallaci a hanyarsa, naman alade yana cikin abincin da aka saba, sauran naman kuma yawanci daga Indiya ake shigo da shi, don haka abin da ya fi shi ne a sanar da kamfani tun farko cewa abinci marar nama ake so. A gidan manomi za a iya miƙo wa baƙo ara, giyar gida da ake karrama baƙi da ita, kuma ƙin karɓa cikin ladabi ba ya ɓata wa kowa rai. Mai tafiya da yara ya san cewa a ƙauyukan da ke kusa da Chimi Lhakhang, a yankin Punakha, ana zana al'aurar namiji a bangon gidaje bisa wata tsohuwar al'adar neman tsari, kuma yana da damar ya ce a cire wurin daga jadawalinsa. A cikin gidajen ibada na ƙasashen biyu ba a tilasta wa baƙo rusunawa ko yin wata hidima. Abin da ake nema a gare shi shi ne ya cire takalmi da hula, ya sa tufafin da suka rufe hannu da ƙafa, ya bar kubba a damansa idan zai wuce ta, kada ya miƙe ƙafa ya nuna gunki ko malami da ita, kuma ya yi shiru idan ana karatu.

Lokacin tafiya kusan ɗaya ne a duka biyun: daga Oktoba zuwa Nuwamba sama takan washe a ga duwatsu tar, daga Maris zuwa Afrilu furanni kan buɗe, daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ce mai zaftarewar ƙasa da toshe hanyoyi, in ban da Mustang da duwatsu ke kare ta daga ruwan. Manyan bukukuwan Butan da ake kira tshechu, inda 'yan zuhudu ke rawa da fuskokin katako, na Paro yakan faɗo wajen Maris ko Afrilu, na Thimphu kuma wajen Satumba ko Oktoba, kuma da yake da kalandar wata ake lissafa su, ranakunsu suna sauyawa kowace shekara.

Shawarata ga wanda ke da mako guda zuwa kwana goma, wanda ba ya son doguwar tafiyar ƙasa kuma aljihunsa zai ɗauka, ita ce ya nufi Butan, ya kuma dage a sa masa Phobjikha da Bumthang a jadawali ko da hakan zai rage masa kwana a Thimphu. Mako guda a Nepal yakan ƙare ne a ƙurar Katmandu da jiran jirgi, mutum ya dawo bai ga ƙauyen dutse ko ɗaya ba. Amma wanda ke da mako biyu zuwa uku da lafiyar hawa, Nepal za ta ba shi abin da Butan ba za ta iya ba, a kuɗin da bai kai nata ba: kwana uku a kwarin Katmandu don Boudhanath da Patan da Swayambhunath, sannan kwana takwas zuwa goma a ƙasa zuwa Tengboche da dawowa. Mai son haɗa biyun ya fara da Nepal, ya shiga Paro daga Katmandu, tare da tabbatar da cewa bizarsa ta Nepal ta ba shi damar sake shigowa idan ta can zai koma gida.